Tallafin Gyaran Gida da Raya Unguwa: Darasi Daga Birnin Filadelfiya



Darasinmu na wannan fitowa zai ɗan fita daga inda muka saba, domin zai kai mu har ƙasar Amurka, mu duba yadda hukumar wani birni take tallafa wa talakawanta su gyara gidajensu da shagunansu, da kuma dalilin da ya sa take ganin kuɗin da ta kashe a kan rufin gidan wata tsohuwa amfanin gari ne baki ɗaya. Wataƙila ki ce, to Malama, mu ina ruwanmu da Amurka? Ruwanmu shi ne gida. Ke ce mai wuni a cikinsa. Idan rufi yana yoyo ke ce mai jera bokitai da robobi cikin dare, idan bango ya tsage ke ce mai ɗauke katifar yara daga gindinsa, idan kwata ta toshe ke ce mai fama da sauro da jinyar zazzaɓi. Saboda haka duk wata magana da ta shafi gyaran gida, ko a ina aka yi ta, mace ce ya fi kamata ta fahimce ta. Kuma akwai wani ɓangare na labarin, wato batun gidan gado, wanda idan kika karanta za ki rantse a unguwarku aka yi shi.

Birnin da matsalarsa

Filadelfiya babban birni ne a jihar Fensilbaniya da ke gabashin Amurka. A ƙidayar 1950 mutanen cikinsa sun haura miliyan 2, lokacin masana'antu suna aiki, ma'aikata suna sayen gidaje. Daga baya masana'antun suka yi ta rufewa, masu hali suka yi ta ƙaura zuwa bayan gari, har jama'ar ta ragu zuwa kusan miliyan 1.5 a shekarar 2000. A ƙidayar 2020 sun ɗan farfaɗo zuwa miliyan 1.6. Kin ga ke nan an bar gidaje da yawa babu kowa, waɗanda suka rage kuma galibinsu masu ƙaramin ƙarfi ne da tsofaffi.

Abin da ya ƙara tsananta lamarin shi ne irin gininsu. Mafi yawan gidajen birnin na jan bulo ne, a jere suke manne da juna, bango ɗaya ya raba gida da gida, kuma akasarinsu an gina su kafin 1960. Wadda ta taɓa zama a cikin tsohon gari irin Kano ko Zariya ko Katsina ta san abin da wannan yake nufi: idan ruwa ya ci bangon maƙwabci, to naki ma ya ciyu. Haka nan can. Rufin gida ɗaya zai fara yoyo, mai gidan ba ta da kuɗin gyara, ruwa ya ruɓar da katako, silin ya zubo, ta tattara ta koma wurin 'ya'yanta. Gidan ya zama kango, ɓeraye da 'yan ƙwaya su gaje shi, danshi ya shiga gidan dama da na hagu. Kafin shekara goma layin da yake cike da mutane ya zama abin tsoro. Ga kuma sanyi irin nasu mai ƙanƙara, wanda idan na'urar ɗumama gida ta lalace zama a cikinsa yana iya zama ajali.

Da rusau aka fara

Kada ki ɗauka tun farko da tausayi aka tunkari matsalar. A 1949 majalisar Amurka ta yi dokar gidaje da ta ba birane kuɗi su rushe unguwannin da aka ce sun lalace, a yi sabon gini a wurin. An shafe fiye da shekara 20 ana wannan rusau, aka tashi ɗaruruwan dubban iyalai, kuma baƙar fata ne abin ya fi faɗa wa. A Filadelfiya kanta, a shekarun 1960, an share wata unguwar baƙar fata da ke yammacin birnin domin faɗaɗa gine-ginen jami'o'i da cibiyar bincike. Gine-ginen sun tashi, amma mutanen da suka yi shekaru suna zaman maƙwabtaka sun watse, kowa ya kama gabansa.

Sai a 1974 aka sauya hanya. Shugaba Gerald Ford ya sa hannu a wata doka da ta kafa asusun raya unguwanni, wanda ake taƙaita sunansa da CDBG. Tsarinsa shi ne gwamnatin tarayya ta ba kowane birni mai mutum 50,000 zuwa sama kasonsa kai tsaye duk shekara, ƙananan garuruwa kuma su karɓa ta hannun jihohinsu. Birni ne zai zaɓi abin da zai yi da kuɗin, amma da sharuɗɗa. Biyu daga cikinsu nake so ki riƙe. Na farko, aƙalla kashi 70 cikin 100 na kuɗin dole ya tafi ga abin da zai amfani masu ƙaramin ƙarfi. Na biyu, kafin a kashe sai an kira taron jin ra'ayin jama'a, an baje musu shirin, kowa ya tofa albarkacin bakinsa. A 2023 kuɗin asusun ya kai kimanin dala biliyan 3.3 ga ƙasar gaba ɗaya. Idan aka raba wa birane da garuruwa sama da dubu, ba wani abin a zo a gani ba ne, shi ya sa birane suke haɗawa da nasu kuɗin shiga.

Yadda tallafin gyaran gida yake aiki

Daga irin wannan kuɗi ne Filadelfiya ta daɗe tana gudanar da shirinta na gyaran muhimman sassan gida, wanda suke kira BSRP, a ƙarƙashin hukumar raya gidaje ta birnin. Nan ne zan ɗan daɗe, domin a cikin ƙa'idojinsa hikimar take.

Shirin kyauta ne, ba a biyan ko kwabo. To amma ba kowane gyara yake yi ba. Abin da yake taɓawa shi ne wanda idan aka bar shi gidan ba zai zaunu ba: rufi mai yoyo, wayoyin lantarki masu haɗarin gobara, bututun ruwa da na bayan gida da suka fashe, na'urar ɗumama gida, da bangon da yake shirin faɗuwa. Wadda take son a sa mata tayil a falo ko a canza mata fentin ɗaki, ba wurin zuwanta ba ne.

Mai nema kuma sai ya cika sharuɗɗa. Dole gidan nasa ne, kuma a cikinsa yake zaune, wato ba gidan haya ba ne da yake karɓar kuɗi a kai. Kada ya mallaki wani gidan daban. Abin da iyalin suke samu a wata kada ya wuce iyakar da aka yanka gwargwadon yawansu. Sannan kada hukuma ta biyo shi bashin harajin gida ko kuɗin ruwan famfo, in kuma tana bin sa, to ya kasance sun yi yarjejeniyar yadda zai riƙa biya kaɗan-kaɗan.

Ga kuma abin da ya fi burge ni. Mai gida ba ya ganin kuɗin da idonsa. Hukuma ce take turo jami'inta ya duba gidan ya rubuta abin da ya lalace, ita ce take turo ɗan kwangilar da ta tantance, in ya gama a sake dubawa, sannan ta biya shi. Ki yi tunani da kyau a kan wannan, 'yar uwa. Mu mata mun san yadda kuɗi yake yi idan ya shigo gida. An ba da shi don kwanon rufi, sai ga haihuwa, sai ga kuɗin makaranta, sai ga ɗan uwa a asibiti, kuma duk lalurori ne na gaskiya, babu na wasa a ciki. Kafin a ankara damina ta dawo, rufi yana nan yadda yake. Tsarin da ya ce aiki za a kawo miki, ba kuɗi ba, ya raba mai gida da wannan jarrabawa, ya kuma raba shi da masu zuwa neman a sam musu.

Shirin yana da nasa ciwon, wato layi. Masu nema sun fi kuɗin yawa nesa ba kusa ba, har ya kai mutum yakan yi shekaru yana jira, kuma rufin da yake yoyo ba ya jiran kowa. A 2016 majalisar birnin ta ƙara ɗan abu a kan harajin da ake biya idan an sayar da gida ko fili, wato dala 1 a kan kowace dala 1,000 ta cinikin. Gidan da aka sayar dala 200,000 ke nan ƙarin dala 200 ne, wanda mai sayen irin wannan gida ba zai ji a jikinsa ba. Da wannan ƙari birnin ya jingina ya ciwo bashin dala miliyan 100, aka ware miliyan 60 domin rage layin masu jiran gyara kyauta, miliyan 40 kuma aka buɗe wani shirin rance da shi, wanda za mu zo kansa nan gaba. 'Yar majalisar da ta tsaya a kan shirin rancen, Cherelle Parker, ita ce ta zama magajiyar garin a Janairun 2024, mace ta farko da ta riƙe kujerar.

Shin gyaran yana raya unguwa da gaske?

Wannan tambaya ce da masu bincike na Jami'ar Fensilbaniya suka bi diddiginta, ƙarƙashin wata likita mai suna Eugenia South, suka fitar da sakamakon a 2021. Sun ɗauki gidaje 13,632 da aka gyara tsakanin 2006 da 2013, a lokacin ana kashe har dala 20,000 a gida ɗaya. Masu gidajen, kusan kashi 79 cikin 100 baƙar fata ne, kuma abin da suke samu a wata bai cika dala 1,000 ba, wanda a tsadar rayuwar Amurka talauci ne sosai. Sai suka gwada layukan da aka riga aka yi gyara a cikinsu da layukan da masu gidajen suke kan jira. Abin da suka gano shi ne, a layin da aka gyara ko da gida ɗaya ne, laifuffukan da ake kai wa 'yan sanda rahoto sun ragu da kusan kashi 22 cikin 100, har da fashi da kisan kai. Kuma duk yadda gidajen da aka gyara a layi suka ƙaru, raguwar takan ƙaru.

A nan sai mu yi hattara irin ta ɗalibai. Binciken ya nuna abubuwan biyu suna tafiya tare, bai ce kwanon rufi yana kama ɓarawo ba. Amma dalilin bai yi wuyar ganewa ba. Tsohuwar da aka gyara wa gida ba ta tashi ba, tana nan a ƙofar gidanta, ta san yaron kowa, ta san baƙon fuska. Gidan bai zama kangon da za a ɓoye kayan sata ba. Maƙwabci ya ga an gyara, shi ma ya ji ƙarfin share gabansa. Duk wadda ta tashi a unguwar da take da irin wannan iya ko goggo ta san aikin da idonta yake yi.

Wani binciken na 2018 ya ma fi wannan ƙarfin hujja, domin ƙuri'a aka yi wajen zaɓen wuraren. An ɗauki filaye 541 da aka yi watsi da su suka zama juji, wasu aka kwashe sharar, aka shuka ciyawa da 'yan itatuwa, aka kewaye da gajeren shingen katako, wasu kuma aka bar su yadda suke. A unguwannin da suka fi talauci, harbe-harben bindiga a kusa da filayen da aka gyara sun ragu da kashi 29 cikin 100. Shingen nan bai kai ƙugu ba, yaro ma zai tsallake shi. Amfaninsa kawai ya nuna cewa wurin yana da mai kula da shi.

Masu shaguna nasu tsarin daban ne. Ana ce musu: gyara fuskar shagonka, ƙofa da taga da allon suna da fitila, mu biya ka rabi. A ƙa'idar da birnin ya yi shekaru yana aiki da ita, iyakar abin da za a mayar wa shago ɗaya dala 10,000 ne, na kan kwana ko mai haɗe da wasu kuma 15,000. Wanda ya kashe 16,000 za a ba shi 8,000, wanda ya kashe 30,000 kuma 10,000 ɗin dai zai samu. Sharaɗin shi ne sai an amince da zanen aikin kafin a fara, kuma sai ka kashe naka ka kawo rasit sannan a biya ka. A ganina wannan tsari yana da kyau wajen hana cuta, amma yana fifita mai ɗan abin hannu, domin wanda ba shi da kuɗin farawa ba zai kai ga rabin da ake mayarwa ba.

Kyauta daban, rance daban

Wannan wurin ya shafe mu a matsayinmu na Musulmi, don haka ki karanta shi a tsanake. Kalmar tallafi tana da faɗi, kuma hukumomi a ko'ina suna son amfani da ita domin tana da daɗin ji. A ƙarƙashinta akwai kyauta tsantsa irin wadda muka gani. Akwai ta rabi da rabi irin ta masu shaguna. Akwai kuma wadda birane da yawa suke yi, a rubuta kuɗin gyaran a matsayin bashi a kan gidan, amma a ce in kin ci gaba da zama a cikinsa shekara 5 ko 10 an yafe, in kuma kin sayar kafin lokacin sai ki mayar da abin da ya rage. Manufarta a hana mutum ya karɓi gyaran jama'a yau, gobe ya kira dillali.

Sai kuma rance na sosai. Shirin da Filadelfiya ta buɗe a 2019 da waccan dala miliyan 40 an yi shi ne domin waɗanda samunsu ya wuce na masu karɓar kyauta amma banki ba ya kula su. Rance ne na shekara 10 da kuɗin ruwa kashi 3 cikin 100. In an gwada da na banki yana da sauƙi ƙwarai, to amma mu yi lissafi: wanda ya karɓi dala 10,000 zai riƙa biyan kusan dala 97 a wata, a ƙarshe ya biya kusan 11,600. Wannan ƙarin 1,600 ɗin, sunansa riba a shari'a, ƙanƙantarsa ba ta canza masa suna, kuma kasancewar hukuma ce ta shirya shi ba ta canza masa suna. A gefe guda kuma birnin Ditiroyit, bayan ya fito daga karayar arzikin da ya yi a 2013, ya ƙaddamar da rancen gyaran gida a 2015 na dala 5,000 zuwa 25,000, a biya cikin shekara 10, babu ƙarin ko sisi. Kin ga ashe ana iya yi idan an so.

Abin da nake jan hankalinki a kai shi ne, duk takardar da aka miƙo wa maigida ko aka miƙo miki da sunan tallafi, a nan gida ko a waje, kafin a sa hannu a tambaya: za a mayar ko ba za a mayar ba? In za a mayar, daidai abin da aka karɓa ne ko da ƙari? In an yi jinkiri akwai tara? Me aka jinginar? Amsoshin nan ne za a kai wa malami ya yi fatawa a kansu, domin ba zai iya yanke hukunci a kan kalmar tallafi kawai ba.

Gidan gado

Yanzu mun zo inda na ce za ki ga kamar unguwarku. Kin tuna sharaɗin farko, cewa gidan dole ya zama na mai nema? To a 2021 cibiyar bincike ta Pew ta ƙirga gidaje 10,407 a Filadelfiya waɗanda takardunsu suka cukurkuɗe, darajarsu ta haura dala biliyan 1.1. Galibinsu labari ɗaya ne. Uba ko kaka ya rasu, sunansa ne a takardar gida, ba a je an raba gado a hukumance ba, 'ya ko jika ta ci gaba da zama tana biyan haraji da kuɗin wuta shekara da shekaru. A wurinta gidansu ne, a wurin maƙwabta gidansu ne, a wurin hukuma kuwa gidan mamaci ne. Ranar da rufi ya lalace ta je neman tallafi sai a ce ta kawo shaidar mallaka. Ba ta iya sayarwa, inshora tana yi mata wuya, kuma 'yan damfara sun fi son irin waɗannan gidaje, domin mamaci ba ya zuwa kotu ya ce ba sa hannunsa ba ne. Warware matsalar kuma, a ƙiyasin cibiyar, yana cin kusan dala 9,000, saboda sai an nemo duk magada, wasu sun rasu sun bar nasu magadan, wasu sun bar jihar. Abin ya dami birnin har ya yi doka, wadda ta fara aiki a 2022, cewa masu kamfanonin shirya jana'iza su riƙa ba iyalan mamaci takardar bayani a kan yadda ake mayar da sunan gida.

'Yar uwa, gidaje nawa kika sani a danginku da aka yi shekara 20 ba a raba ba? Mu da Allah ya saukar mana da rabon gado filla-filla, kowa da kasonsa, mu ne kuma muke jin kunyar tayar da maganar. A ce ai Baba bai daɗe da rasuwa ba. A ce wanda ya fara magana shi ne mai kwaɗayi. Shekaru su wuce, magada 7 su zama 40. Kuma ki lura da abin da yake faruwa da ginin kansa: gidan da yake na kowa, babu mai gyara shi. Yaya ba zai sa kuɗinsa a rufi ba, don yana tsoron ranar rabo a ce na kowa ne. Ƙani ma haka. Waɗanda suke kwana a ƙarƙashin rufin kuwa, yawanci gyatuma ce da 'yan mata da zawarawa da marayu. A ajinmu na matan aure na dare, duk lokacin da muka zo babin gado, tambayoyin da suke fitowa ba na lissafin sumuni da sudusi ba ne, na yadda za a faɗa wa yaya ne ba tare da zumunci ya lalace ba.

Amsar da nake ba su ita ce a raba magana biyu. Tantance kason kowa abu ne daban, sayar da gida abu ne daban. Ana iya zuwa gaban alƙali ko malamin da ya san fannin, a ƙiyasta gidan, a rubuta kason kowane magaji, shaidu su sa hannu, sannan magada su amince gyatuma ta ci gaba da zama iya rayuwarta. A kuma rubuta cewa duk wanda ya kashe kuɗi a gyara da yardar sauran, za a fitar masa kafin rabo. Da wannan 'yar takarda yaya zai saki jiki ya sayi kwano. Sai kuma takardar mallaka ta hukuma: a Nijeriya, bisa dokar filaye ta 1978, gwamna ne yake ba da ita a cikin birane, ƙaramar hukuma kuma a karkara. Takardar ciniki da mai unguwa ya sa wa hannu tana da amfani, a adana ta inda ruwa da gara ba za su kai ba, amma a san cewa ba ita ce ƙarshen takarda ba.

Akwai wasu kurakuran tsarin na Filadelfiya da ba zan ɓoye ba. 'Yan haya, waɗanda su ne kusan rabin gidajen birnin, shirin kyautar bai shafe su ba. Kuma idan unguwa ta gyaru, masu kuɗi sukan dawo, darajar gidaje ta tashi, haraji ya bi ta, sai tsohuwar da aka gyara wa rufi ta kasa biya. Wannan ya sa a 2014 birnin ya fito da rangwamen haraji ga waɗanda suka yi shekara 10 zuwa sama a gidajensu.

To mu fa?

Ba na cewa a kwafo tsarin Amurka a dasa mana, domin tushensa harajin gida ne da rajistar gidaje, waɗanda namu ba su kai nasu ƙarfi ba. Amma ya kamata ki san cewa tsarin mulkin Nijeriya na 1999 ya ɗora wa ƙananan hukumomi 774 aikin titunan cikin unguwa, da magudanan ruwa, da fitilun titi, da kwashe shara, da sa wa tituna suna da gidaje lamba. Kuma ranar 11 ga Yuli 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa tura musu kasonsu na tarayya kai tsaye. Saboda haka matan layi in suka rubuta wa kansila a kan kwalbatin da ya toshe, haƙƙinsu suke nema.

Tsarin rabi da rabi ma ba baƙo ba ne a wurinmu. Shirin CSDP da Bankin Duniya ya tallafa wa, wanda ya yi aiki daga 2009 zuwa 2021, haka ya gudana: al'umma ta zaɓi aikin da take so, rijiyar burtsatse ko aji ko ɗakin shan magani ko magudanar ruwa, ta kawo kashi 10 cikin 100 na kuɗin, ko da yashi da dutse da aikin ƙarfi ne, hukumar jiha ta cika sauran. Unguwannin da suke da ƙungiya mai rajista da asusun banki da littafin shiga da fita su ne suka iya shiga. Waɗanda ba su da su, labari suka ji. Ƙungiyoyinmu na mata, da muka iya riƙe adashi shekara da shekaru kwabo bai ɓata ba, ba abin da zai hana mu samun waɗannan abubuwa uku tun kafin wani shirin ya zo. Sai dai a kula da masu yawo gida-gida ko a WhatsApp suna sayar da fom ɗin tallafi, su karɓi kuɗin rajista da lambar BVN. A je ofishin hukumar da aka ambata a tambaya da baki kafin a ba kowa ko naira ɗaya.

Ga aikin gida kafin fitowa ta gaba. Ki samu lokacin da maigida yake cikin nishaɗi, ki tambaye shi sunan wa ke jikin takardar gidan da kuke ciki, da inda take ajiye. In gidan gado ne, ki tambaya ko an taɓa rubuta kason kowa. Sannan a taronku na reshe ku zagaya layinku, ku ƙirga gidajen da marayu ko zawarawa ko tsofaffi suke ciki waɗanda ba za su kai ƙarshen damina ba, ku rubuta abin da kowanne yake buƙata, ku kira birkila ko kafinta ya faɗa muku kuɗinsa. In asusun reshe zai ɗauki ɗaya, ku biya mai aikin da hannunku, ku karɓi rasit. Reshen da ya gwada ya aiko mana da yadda ta kaya ta hannun edita.